Allurar ƙwayoyin tushe da gyaran garkuwar jiki a cutar mutuwar jijiyoyin motsi: ina aka kwana?

Tambaya: Wata bakwai ke nan da likitoci suka tabbatar wa mahaifinmu cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda suke kira MND ko ALS. Hannunsa na dama ya shanye, maganarsa ma ta fara nauyi. Wani asibitin kuɗi a ƙasar waje ya ce zai yi masa allurar ƙwayoyin tushe sau uku a gadon baya, ya haɗa masa da magungunan daidaita garkuwar jiki, wai jijiyoyin za su farfaɗo. Gaskiya ne? In ba haka ba, ina binciken ya kai?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba sauƙi, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Har yanzu babu wani maganin ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki da ke iya hayayyafa su rikiɗe zuwa wasu nau'o'i, da ya ci babban gwaji na mataki na uku a wannan cuta, gwajin da ake tabbatar da amfanin magani da shi. Guda biyu ne suka kai wannan mataki aka ga sakamakonsu, duka biyun kuma ba su cimma abin da aka gindaya musu ba. Duk wanda ya ce maka jijiyoyin da suka mutu za su farfaɗo da allura uku, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su taɓa iƙirari ba. Amma akwai aiki na gaskiya da ake yi a fannin, musamman ɓangaren garkuwar jiki, kuma ya kamata ka san shi dalla-dalla domin ka iya rarrabe gwaji da ciniki.

Mu fara da abin da ke lalacewa. Kowace tsoka da mutum ke motsawa da gangan tana karɓar umarni ta matakai biyu. Akwai ƙwayar jijiya a ƙwaƙwalwa da ke aika saƙo zuwa laka, sannan wata ƙwayar a cikin lakar ta miƙa dogon zare har zuwa tsokar. Zaren da ke tashi daga ƙasan gadon baya zuwa tafin ƙafa yakan kusa mita ɗaya, alhali ƙwaya ɗaya tak ce ta miƙa shi. A wannan cuta, ƙwayoyin biyu ne ke mutuwa, na sama da na ƙasa. Shi ya sa ake ganin tsoka tana ramewa tana ɗan rawa a ƙarƙashin fata, a lokaci guda kuma gaɓa tana sandarewa.

To, a ce an dasa sabuwar ƙwaya a cikin laka. Dole ta rayu, ta rikiɗe ta zama ƙwayar motsi, ta karɓi haɗi daga ƙwaƙwalwa, ta fitar da zare ta gefen laka, ta bi hanyar da ta dace har ta iske tsokar da ta dace. Zaren jijiya kuwa, ko a jikin mai lafiya, kimanin milimita ɗaya yake tsawo a rana. Mita ɗaya ke nan ya doshi shekara uku, a cutar da galibi ke ɗaukar rai cikin shekara biyu zuwa biyar daga fara alamunta. Ga shi kuma tsokar da ta daɗe babu jijiya takan shanye har ta kasa karɓar sabon haɗi. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa masu bincike suka jingine zancen maye gurbi tun tuni.

Abin da suka koma nema shi ne kare ƙwayoyin da suka rage. Hujjar ta fito ne daga ɓeraye. Bayan an gano a 1993 cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SOD1 na jawo wani nau'in cutar, sai aka ƙirƙiri ɓeraye masu ɗauke da ita. A 2006 aka nuna cewa idan an rage gurɓataccen furotin ɗin daga maikurogiliya kaɗai, wato ƙwayoyin garkuwa na cikin ƙwaƙwalwa da laka, cutar takan fara a lokacinta amma tafiyarta ta ƙarshe tana raguwa sosai. A 2008 aka ga kwatankwacin haka da astrosait, ƙwayoyin da ke ciyar da jijiya suna share mata datti. Ashe ƙwayar motsi ba ita kaɗai take mutuwarta ba, maƙwabtanta na da hannu wajen gaggauta ta. Daga nan zancen ƙwayoyin tushe da zancen garkuwar jiki suka haɗe suka zama abu guda: a gyara unguwar da jijiyar ke zaune.

Nau'in da ake sayarwa

Kusan duk asibitocin kuɗi nau'i ɗaya suke amfani da shi, ƙwayoyin mesenkaima, da ake samu a ɓargo, ko kitse, ko igiyar cibiyar jariri. Waɗannan ƙwayoyi asalinsu ƙashi da guringuntsi da kitse suke zama. Ba sa zama jijiya a jikin mutum. Amfanin da ake fata daga gare su shi ne sinadaran da suke fitarwa na ɗan lokaci, masu ciyar da jijiya da masu kwantar da kumburi, kafin su mutu cikin kwanaki ko makonni.

Ga yadda ake yin aikin idan da gaske ake yi. Ana kashe fata da bayan ƙashin ƙugu, a zuƙo ɓargo da allura mai kauri. A ɗakin gwaji mai tsananin tsafta sai a ware ƙwayoyin da ke manne wa kwanon reno, a yi ta renonsu makonni har su kai miliyoyi. Kafin a sake su dole a tabbatar da abubuwa da dama: cewa suna ɗauke da alamomin CD73 da CD90 da CD105, ba su ɗauke da CD45 da CD34 na ƙwayoyin jini, cewa mafi yawansu na da rai, cewa babu bakteriya ko maikofilazma ko gubar bakteriya a ruwan, kuma ƙwayoyin gadonsu ba su jirkice ba saboda yawan reno. Sannan a kwantar da majinyaci a gefe, a sa allura tsakanin ƙashin baya na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar na ƙugu, ƙasa da inda lakar ta ƙare, a zuba su cikin ruwan laka. Duk wurin da zai ɗebi kitse da safe, ya juya shi a na'ura, ya mayar da shi jiki da rana, ba wannan aikin yake yi ba. Abin da ke cikin sirinjinsa gauraye ne na ƙwayoyi iri-iri da ba a ƙirga ba, ba a tantance ba. Wanda kuma ya ce ta jijiyar jini zai saka su, ka sani yawancinsu a ƙananan hanyoyin jinin huhu suke maƙalewa tun zagayen farko.

Gwaji mafi girma a wannan nau'i shi ne na NurOwn, na kamfanin BrainStorm. An ɗebi ɓargon majinyaci, an reni ƙwayoyin ta yadda za su ƙara fitar da sinadaran ciyar da jijiya, an yi allura uku a gadon baya, tazarar mako takwas-takwas. Mutum 189 aka yi wa a Amurka, kusan rabi ƙwayoyin, sauran allurar wofi wadda babu magani a cikinta, ba majinyaci ba likita babu wanda ya san abin da aka ba wa. Sakamakon ya fito a Nuwamba 2020: kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda suka karɓi ƙwayoyin sun kai mizanin da aka sa, a ɓangaren allurar wofi kuma kusan kashi 28. Wannan tazara ba ta wuce abin da sa'a kaɗai ke iya kawowa ba. Kamfanin ya ce an samu alamar amfani a waɗanda cutar ba ta yi nisa ba, amma a Satumba 2023 kwamitin masu ba hukumar magunguna ta Amurka, FDA, shawara ya ƙi amincewa da ƙuri'a 17 da 1, kamfanin kuma ya janye takardar nemansa ya koma shirin sabon gwaji. Ka lura da lambar nan ta 28. Fiye da mutum ɗaya cikin huɗu da ba a ba su komai ba sun fito kamar maganin ya yi musu aiki. Zan dawo kanta.

Na biyu shi ne Neuronata-R na Koriya ta Kudu, wanda hukumar magunguna ta can ta ba izini na sharaɗi a 2014 bisa ƙaramin gwaji. Masu talla suna yawan kafa hujja da wannan izini. Abin da ba sa faɗa shi ne an yi gwajin mataki na uku mai suna ALSUMMIT, kuma sakamakon da aka bayyana a ƙarshen 2024 ya nuna bai cimma babban mizaninsa ba. Nan ma sai aka koma nuna wani rukuni na masu cutar da ke tafiya a hankali. Irin wannan tsame rukuni bayan an ga sakamako dalili ne na sake gwaji, bai kai dalilin karɓar kuɗin majinyaci ba.

Akwai wata hanya da ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, wato dasa ƙwayoyin tushe na jijiya a cikin naman lakar kanta. Tiyata ce sosai: a buɗe ƙashin baya, a kafa wani ƙarfe mai riƙe allura don kada ta motsa da numfashi, a yi ta ɗiga ƙwayoyin wuri-wuri. An fara wannan a Jami'ar Emory a 2010. A mataki na biyu mutum 15 aka yi wa, adadin ƙwayoyi daga miliyan 2 har miliyan 16, kuma biyu daga ciki sun samu matsala mai tsanani, ɗaya kumburin laka da ƙarin rauni, ɗayan ciwo mai naci. Tunda ƙwayoyin na wani ne, dole a sha magungunan danne garkuwa irin su takrolimus, waɗanda da yawa suka sha wuya a kansu. A Cedars-Sinai kuma an dasa wa mutum 18 ƙwayoyin da aka gyara su riƙa fitar da sinadarin GDNF mai ciyar da jijiya, a gefe ɗaya na laka domin a kwatanta ƙafa da ƙafa. Rahoton 2022 ya nuna ƙwayoyin sun rayu suna aikinsu, wanda babban ci gaba ne a fasaha, sai dai gwaji ne na duba haɗari, ba a tsara shi don tabbatar da amfani ba. Dashen ɓargo gaba ɗaya daga ɗan'uwa, irin na masu sankarar jini, shi ma an gwada wa mutum shida, rahoton 2008 ya nuna bai sauya tafiyar cutar ba.

A ganina, inda ƙwayoyin tushe suka fi amfanar masu wannan cuta zuwa yanzu ba a jikinsu ba ne, a kwanon gwaji ne. Tun da Shinya Yamanaka ya gano a 2006 yadda ake mayar da ƙwayar jiki ta zama ƙwayar tushe, ana iya ɗaukar jini ko fatar majinyaci a reni ƙwayoyin motsi irin nasa, a gwada ɗaruruwan magunguna a kansu. Ta haka masu bincike a Jami'ar Keio ta Japan suka zaƙulo rofinirol, tsohon maganin cutar Parkinson, suka kai shi ƙaramin gwaji na mutum 20.

Garkuwar jiki: danne ta daban, saita ta daban

Nan ne nake so ka natsu, domin kalmar daidaita garkuwa tana ɓoye abubuwa biyu masu hannun riga. Na farko danne garkuwar baki ɗaya. An gwada wannan shekaru da dama, kuma bai yi ba. An ba da saiklofosfamaid, an wanke ruwan jini, an ƙara ruwan garkuwa na imunogulobulin, har an gasa ƙullutun garkuwa na jiki da hasken radiyeshan a wani gwaji da aka wallafa a 1994. Babu wanda ya tsayar da cutar. Mafi ɗaukar darasi shi ne minosaikilin, maganin kashe bakteriya da ke kwantar da maikurogiliya, wanda ya yi kyau ƙwarai a ɓeraye. Da aka gwada shi a mutum 412, rahoton 2007 ya nuna masu shan sa sun fi saurin taɓarɓarewa da kusan kashi 25 cikin 100. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A baya-bayan nan magungunan toshe wani sashe na garkuwa mai suna kwamfiliman, rabulizumab da zilukoflan, duka an dakatar da gwajinsu a 2021 da 2022 saboda babu alamar amfani. Masitinib kuma, wanda aka gwada a mutum 394, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da shi a 2018, ta sake ƙi a 2024.

Me ya sa? Domin garkuwar tana da fuska biyu a wannan cuta. A farkonta maikurogiliya da wasu fararen ƙwayoyin jini suna kare jijiya, suna share gawar ƙwayoyi, suna fitar da abin ciyarwa. Daga baya ne suke juyewa su koma zuba guba. Idan ka danne su gaba ɗaya, ka kashe mai gadi tare da ɓarawo.

Na biyun shi ne ƙarfafa birkin da jiki ke da shi tun asali. Akwai wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira Treg, aikinsu su tsawatar wa sauran ƙwayoyin garkuwa idan sun wuce gona da iri. Stanley Appel da abokan aikinsa a Houston sun nuna cewa masu cutar da ke tafiya da sauri suna da ƙarancin waɗannan ƙwayoyi, waɗanda suke da su ma ba sa aiki sosai. Sun gwada ɗibar su daga jinin majinyaci, su ninka su a ɗakin gwaji, su mayar, amma mutum uku ne a gwajin farko na 2018, na bayansa ma ƙarami ne. Hanya mafi sauƙi ita ce allurar intalukin-2 kaɗan-kaɗan. A babban awo wannan magani na sankarar ƙoda da ta fata ne, yana kunna garkuwa da ƙarfi har ruwa ya riƙa tsiyaya daga hanyoyin jini, mutum ya ƙare a ɗakin kulawa ta musamman. A ƙaramin awo kuwa Treg ne ke fara cafke shi, saboda maƙallinsu ya fi na sauran ƙwayoyi kama shi.

Gwajin MIROCALS a Faransa da Birtaniya ya bi wannan hanya. Mutum 220 da ba su daɗe da gano cutar ba, duka suna shan riluzol, maganin da aka saba ba masu cutar, aka raba su biyu. Awon shi ne yunit miliyan 2 a ƙarƙashin fata kowace rana har kwana biyar, a maimaita duk kwana 28, tsawon wata 18. Sakamakon da mujallar Lancet ta wallafa a 2025 ya nuna Treg sun ƙaru yadda ake so, illolin kuma galibi jan fata ne a wurin allura da zazzaɓi irin na mura. A jimlar mahalarta, raguwar haɗarin mutuwa da aka gani, kusan kashi 19 cikin 100, bai kai mizanin tabbaci ba. Amma da aka yi la'akari da awon nurofilamen a ruwan laka, wato tarkacen jijiya da ke nuna saurin lalacewa, sai aka ga raguwar da ta haura kashi 40 cikin 100 a mafi yawan mahalarta, waɗanda awonsu bai yi sama ba. Wannan ita ce alama mafi ƙarfafa gwiwa da ɓangaren garkuwa ya bayar, kuma ta fi ta NurOwn nauyi a idona domin tun kafin a fara aka tsara yin la'akari da nurofilamen. Duk da haka gwajin bai ci babban mizaninsa ba, ba a kuma ba maganin izini don wannan cuta ba. Kada kowa ya sayo kwalba ya yi ta a gida, kuskuren awo a wannan magani ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abu guda da ya shafi garkuwa kai tsaye ya cancanci ka tambayi likitan Baba. Akwai cutar da ke kwaikwayon wannan, wadda garkuwa ke kai wa zaren jijiyar motsi hari a wurare daban-daban, ana kiranta MMN. Ita ma takan fara da hannu ɗaya. Ana gane ta da gwajin gudun saƙo a jijiya, inda ake ganin saƙon ya toshe a wani wuri, wani lokaci kuma da sinadarin garkuwa na GM1 a jini. Ita tana jin imunogulobulin, giram 2 kan kowane kilo na nauyin jiki, a raba cikin kwana biyu zuwa biyar. Nauyin magana da ka ambata ya fi karkata ga ALS, domin MMN ba ta cika taɓa harshe da maƙogwaro ba, amma tabbatar da an yi gwajin lantarkin tsoka da na jijiya da hoton MRI na wuya haƙƙinku ne.

Abin da ke iya ɓaci

Ko a gwaje-gwaje masu tsari, ciwon kai da ciwon baya da zazzaɓi bayan allurar gadon baya abu ne da aka saba gani. A gwajin asibitin Mayo na mutum 27 da ƙwayoyin kitse, waɗanda suka karɓi babban awo sun yi fama da ciwo mai sauka ƙafa, hoto kuma ya nuna saiwoyin jijiya sun yi kauri. Wannan a hannun ƙwararru ke nan. Idan ruwan ya gurɓata, sanƙarau ne kai tsaye, domin an zuba shi inda garkuwar jiki ba ta da ƙarfi. Akwai kuma haɗarin tsiro. A 2016 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta kawo labarin wani mutum da ya je asibitocin kuɗi a Sin da Ajantina da Meziko bayan shanyewar ɓarin jiki, daga baya aka sami wani tsiro ya cika masa ƙasan laka, gwaji kuma ya nuna ƙwayoyin tsiron ba nasa ba ne. A 2009 an ba da rahoton makamancin haka a wani yaro da aka yi wa allurar ƙwayoyin jijiyar ɗan tayi a Mosko. Idan kuma maganin daidaita garkuwar da suke nufi sitiroyid ne mai yawa, to shi kansa yana ramar da tsoka, yana ta da sukari, yana buɗe ƙofar ciwon huhu ga mutumin da tarinsa ya riga ya yi rauni.

Tafiyar kanta haɗari ce da iyalai ba sa lissafawa. Iskar cikin jirgin sama daidai take da ta kan dutse mai tsawon kusan mita 2,400. Wanda tantanin numfashinsa, wato tsokar da ke ƙarƙashin huhu mai jawo iska, ya raunana zai iya galabaita a can sama, haka ma idan aka kwantar da shi rigingine ko aka ba shi maganin sa barci. Sannan gwaje-gwaje da yawa na gaskiya ba sa karɓar wanda aka taɓa yi wa allurar ƙwayoyin tushe, ka ga an rufe wa Baba wata ƙofa ke nan.

Yanzu mu koma kan lambar nan ta 28, domin ita ce amsar bidiyoyin da za su nuna maka. Ana auna cutar da ma'aunin ALSFRS-R: tambayoyi 12 kan magana, haɗiya, rubutu, sa tufafi, tafiya, hawa bene da numfashi, kowace daga 0 zuwa 4, jimla 48. A matsakaici mutum kan rasa kusan maki ɗaya a wata, amma ba a miƙe take sauka ba. Wani nazari na 2016 a kan bayanan dubban mahalarta gwaji ya gano cewa kashi 25 cikin 100 ba su rasa ko maki ɗaya ba cikin wata shida, kashi 16 kuma cikin shekara guda. Ka haɗa wannan da gashi da motsa gaɓɓai da ake yi wa majinyaci kullum a can, da ƙarfin gwiwar wanda aka tara masa kuɗi aka kai shi, sai a ɗauki hotonsa a mako na biyu yana ɗaga hannu. Babu mai komawa ya ɗauke shi a wata na tara.

Idan kana so ka gwada asibitin, ka nemi amsa a rubuce. Wace hukumar magunguna ce ta ba da izinin wannan magani don ALS takamaimai, mene ne lambar izinin? Ƙwayoyin na waye, guda nawa a kowace allura, ina takardar gwajin tsaftar wannan rukuni? Wace mujalla ce ta wallafa sakamakonsu, da wa aka kwatanta? Mene ne sunan kowane maganin garkuwa da awonsa? Wa zai ɗauki nauyi idan zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka taso bayan an koma gida? Kada lambar rajista a shafin ClinicalTrials.gov ta ruɗe ka, shiga wannan rajista ba izini ba ne, ba kuma tantancewa ba. Gwaji na gaskiya yana da kwamitin ɗa'a, yana da sharuɗɗan da ke hana wasu shiga, kuma a ƙa'ida ba ya cajin majinyaci kuɗin abin da ake gwadawa. Wurin da ke magance ALS da ciwon sukari da galahanga da tsufa duk da kwalba ɗaya ya riga ya ba ka amsa.

Inda lokaci da kuɗi suka fi amfani

Abin da ya fi damuna da waɗannan tafiye-tafiye shi ne watannin da suke cinyewa, alhali akwai abubuwan da aka tabbatar kuma lokacinsu na wucewa. Riluzol, wanda aka amince da shi tun 1995, miligiram 50 ne sau biyu a rana, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa, tare da gwajin hanta kowane wata a wata ukun farko. Amfaninsa 'yan watanni ne a matsakaici, amma na gaske ne. Edarabon yana da izini a Japan tun 2015 da Amurka tun 2017, hujjarsa ta fi ƙarfi a waɗanda cutar ba ta yi nisa ba. Ku nemi gwajin ƙwayoyin gado, musamman SOD1 da C9orf72, ko da babu wanda ya taɓa yin cutar a dangi. Kimanin kashi 2 cikin 100 na masu cutar ne ke da tangarɗar SOD1, kuma su suna da tofasen, wanda Amurka ta amince da shi a 2023: miligiram 100 a ruwan laka, sau uku tazarar kwana 14, sannan duk kwana 28.

Sai numfashi. A auna ƙarfin huhun Baba duk wata uku, a zaune da kuma a kwance, domin faɗuwar awo idan ya kwanta ita ke fara tona raunin tantanin numfashi. Ku sa ido kan ciwon kai da safe, yawan gyangyaɗi da rana, farkawa cikin dare, da kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku. Na'urar taimakon numfashi ta takunkumin fuska, a wani gwaji na 2006 a Birtaniya, ta ƙara kusan kwana 205 a matsakaici ga waɗanda maƙogwaronsu bai yi rauni sosai ba, barcinsu da jin daɗin rayuwarsu kuma suka gyaru. Babu allurar ƙwayoyin tushe da ta nuna ko kusa da haka.

Tunda maganarsa ta fara nauyi, haɗiya na iya biyo baya. Ku riƙa auna nauyinsa duk mako biyu a sikeli ɗaya, ku rubuta. Rama tana gaggauta wannan cuta, saboda haka a ƙara masa abinci mai maiƙo da ƙarfi, a kaurara ruwan sha idan yana ƙwarewa. Zancen bututun ciyarwa ta ciki a fara shi da wuri, kafin ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma kafin ƙarfin huhu ya sauka ƙasa da rabin abin da ake tsammani, domin bayan nan sakawar kan ƙara haɗari. Bututun ba ya hana shi cin abin da yake so ta baki muddin yana iya haɗiyewa lafiya. Kuma tun yanzu da muryarsa ke fita, ku ɗauki sautinta a waya a ɗaki marar hayaniya: sunayen 'ya'ya da jikoki, gaisuwarsa, addu'o'in da ya saba, da kalmomin buƙata irin su ruwa, juya ni, ina jin zafi. Ku ajiye kowace jimla daban da sunanta, domin a iya ɗora su kan manhajar magana ranar da za a buƙace su.